Injin Bari-ya-huce Ya Ɗauki Zafi

A bakin kogi, daidai inda jiragen fito suke lodi, akwai wata rumfar kwano da ta karkata gefe guda kamar mai ciwon ƙugu. A ƙarƙashinta akwai benci, da rabin duro cike da ruwa mai maiƙo, da wani katako da aka kafa don rataye injin jirgi. Nan ne wurin aikin mutumin da kowa ke kira Bari-ya-huce.

Ba shi ne sunan da iyayensa suka raɗa masa ba, bakinsa ne ya jawo masa. Duk mai jirgin da ya zo da inji a kafaɗa, yana haki, yana rantsuwa fasinja na jiransa, amsa ɗaya yake samu: "Rataye shi can. Bari ya huce." Ko da injin kwana ya yi bai tashi ba, sanyi ƙalau kamar randa, abin da zai ce ke nan. Sai da aka jima aka gane ba injin kaɗai yake nufi ba, har da mai shi. Yara suka fara kiransa da sunan daga nesa suna gudu, manya suka karɓa, a ƙarshe shi ma ya shiga amsawa. Abokai sukan gutsure su ce Bari.

Asalinsa ba ɗan ruwa ba ne. A cikin gari ya tashi, a shagon injin niƙa na kawunsa. Tun yana taka akwati kafin hannunsa ya kai bakin mazurari yake zuba hatsi, ya wuni fari fat, gira da gashin ido duk sun yi furfurar ƙarya. A shagon nan ba a magana, ihu ake yi. Mai kawo niƙa ta yi ihu, kawu ya yi ihu, injin ya fi su duka. Da ya girma sai ya koma bayan injin, wajen bel da noti, don ya lura can ne ba a yi masa tsawa. Kawun na rasuwa magada suka sayar da injin, shi kuwa ya ɗauki akwatin sifanu ya shiga bin injuna duk inda suke, na ban ruwa a lambu, na wuta a bayan kantuna. Wata rana wani masunci ya ɗauko shi ya duba masa injin jirgi. Aikin bai ƙare ba aka kawo wani, sannan wani. A nan ya yi aure, a nan ya haifi 'ya'yansa, a nan gashinsa ya yi furfurar gaske.

Da hannu ya ɗan buɗe ya sayi jirgin katako da tsohon inji, ya shiga fito da safe, gyara da yamma. Duk shekarun nan bai koyi iyo ba. Wata jarkar roba marar komai yake ɗaurewa da igiya kusa da inda yake zama, kuma ba ya ɓoyewa. In fasinja ya tambayi amfaninta sai ya ce, "Tawa ce. Kai ka zo da taka?"

Matarsa, wadda 'ya'ya da maƙwabta ke kira Inna, ita ta fara lura kunnensa ya yi nauyi. Rediyonsa ya riƙa ƙara murya shekara bayan shekara har maƙwabta suka daina kunna nasu. Ta ce masa ga ruwan wanka, ya ce ai ya ƙoshi. Shi a ganinsa mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki, sai su yi ta taunar magana kamar masu ciwon haƙori. Inna ba ta ja da shi ba. Sai ta koyi tsayawa a gabansa kafin ta yi magana, ta kuma gargaɗi 'ya'yan kada wanda ya tayar da zancen. A wurin aiki kuwa ba wanda ya gane, don bakin kogi dama wurin ihu ne, kuma hannunsa da hancinsa suna nan yadda suke. Yakan dafa inji yana aiki ya faɗi abin da ke damunsa.

Abin ya faru ne ranar kasuwar tsallake, lokacin da ruwa ya fara ja baya, kogi na kwaso tarkacen gari. Jirgin ya cika: buhuna a tsakiya, babur a kwance, wata mata da kwandon kaji, wata ma'aikaciyar asibiti mai zuwa aiki a ƙetare, wani mai sayar da takalma da ba ya rufe baki, da sauran jama'a. Bari ya ja igiya, inji ya tashi, ya leƙa baya ya ga siririn ruwan nan da injin ke tsartarwa ta gefe. Masu jirgi fitsari suke ce masa. Injin jirgi da ruwan kogi yake sanyaya kansa: yana zuƙa ta wasu 'yan ramuka a ƙafarsa da ke cikin ruwa, ya zagaya da shi sama, ya fitar. Muddin yana fitsari, lafiya lau. Bari ya juya kan jirgin, ya ba shi wuta.

Ba su yi nisa ba wata siririyar ƙara ta fara tashi, tsiii, ba ta yankewa. Injin yana da ita don ranar da zafi ya yi masa yawa, amma tun da Bari ya saye shi ba ta taɓa kuka ba, fasinja kuma ba su san ta ba. Kowa ya shiga laluben aljihu. Mai takalma ya ciro wayarsa ya duba, ya ce ba tasa ba ce, ta wani ce da matarsa ke nema yana tsoron ɗauka. Aka yi dariya. Bari ya ga ana dariya, shi ma ya murmusa, hannunsa a kan matuƙi, idonsa a kan gaɓar tsallake.

Hancinsa ne ya gaya masa. Warin fenti mai ƙonewa, da na roba a bayansa. A daidai lokacin injin ya rage ƙarfi a hannunsa kamar jakin da ya ga hawa. Ya waiwaya. Babu fitsari, sai ɗan tururi da ke fita ta ramin. Ya kashe injin nan take.

Shiru ya sauka, irin wanda fasinja ba sa so a tsakiyar ruwa. Jirgin ya juya gefe, ruwa ya fara tafiya da shi. Mai kaji ta kama salati. Mai takalma ya kalli jarkar, ya matso kusa da ita kaɗan.

"Kowa ya zauna inda yake," in ji Bari. "Wanda ya miƙe shi zai kifar da mu, ba inji ba."

Ya jawo doguwar gorar da ke kwance a gefe ya soka, ba ta taɓa ƙasa ba. Ya bar ruwan ya kai su, yana gyara kan jirgin da filafili, har suka zo saitin wani tsibirin yashi da janyewar ruwa ta fitar. Nan gora ta samu ƙasa. Ya tura su har katako ya gurji yashi, sannan ya ɗaga ƙafar injin sama. Baƙar leda ce ta naɗe ta, ta manne a kan ramukan shan ruwa kamar an liƙa da hannu. Ya ɓare ta, ya ɗaga wa jama'a su gani.

"To tunda an kama ɓarawo, a tayar mu tafi," in ji mai takalma. "Kasuwa na ci."

Bari ya zauna a gefen jirgin. Wani da ya san shi ya ce "Bari ya huce" a madadinsa, aka kwashe da dariya. Haka suka zauna a rana, kaji na haki. Mai babur ya ba da shawarar a watsa wa injin ruwa. Bari ya ce ƙarfe mai zafi in ya ji ruwan sanyi tsagewa yake yi, in yana so ya gwada a kan babur ɗinsa.

Ma'aikaciyar asibitin ta tako ta kan buhuna ta tsuguna a gabansa, inda zai ga bakinta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baba, ƙarar nan tun muna kusa da gaɓa take yi."

"Wace ƙara?"

Sai da maganar ta fita ya gane abin da ya faɗa. Ya sunkuya yana goge hannu da tsumma.

"Na ji ta," ya ce. "So nake mu kai inda zan tsaya."

"To, Baba," ta ce, ta koma wurinta.

Da ya iya ɗora tafin hannu a kan injin bai janye ba, ya ja igiya. Ya tashi. Fitsari ya dawo, amma a raunane, yana ɗiga yana yankewa. Mai takalma ya ce irin na tsofaffi ke nan. Bari ya ga bakinsa, ya gane. A hankali ya kai su tsallake, a hankali ya dawo babu kowa a ciki.

Washegari ya rataye injinsa a kan katakon da ya saba rataye na mutane. Ya san abin da zai tarar. A cikin ƙafar inji akwai famfo, a cikin famfon akwai wata 'yar roba mai fukafukai da ke juyawa tana tura ruwa sama. In ta juya a bushe, ƙonewa take yi. Ya kwance notuna, ya zare ƙafar, ya buɗe. Robar ta ƙandare, fukafukan sun tsattsage, wasu sun gutsure. Ya kakkaɓe gutsattsarin a gwangwanin tarkace, ya sa sabuwa, ya mayar da komai, ya tsoma ƙafar a duro ya tayar. Fitsari ya fito har yana jiƙa ƙafar benci. Ya ce shi ke nan.

Bai zama shi ke nan ba. Ya fita gwaji shi kaɗai. A tafiyar hankali lafiya lau. Yana ba shi wuta sosai sai fitsarin ya ƙanƙance, kan injin ya ɗau zafi har ba ya taɓuwa. Ya rage wuta, ruwa ya dawo. Ya ƙara, ya ɗauke. Tafiyar duka wuyansa a karkace yake yana kallon baya, har ya kusa hawa ragar wani masunci.

Rumfar da ke jikin tasa ta mai walda ce, sa'ansa kuma abokin tsokanarsa, mutumin da ke da maganin kowace cuta, ta mutum da ta ƙarfe. Ya leƙo, baƙin tabarau a goshi.

"Yau likita ne a kwance? Cire masa ɗan ƙarfen nan na sama ka jefar. Kowa cirewa yake yi."

Yana nufin wani ɗan makulli da ke kan injin, wanda ke tare ruwa sai inji ya ɗumama sannan ya buɗe. Bari ba ya jefar da abin da bai kama da laifi ba. Ya ciro shi ya tafi da shi gida, ya jira Inna ta sauke girki, ya ɗauki ƙaramar tukunyarta ya ɗora ruwa, ya jefa shi ciki ya tsuguna yana kallo. Inna ta fito ta tsaya a gabansa, hannu a ƙugu.

"Malam, yau kuma ƙarfe za mu ci?"

"Yanzu zan ba ki abarki."

"Tukunyar da nake dafa wa jikanka ruwa ce fa."

"To ai ruwan nake dafawa."

Ruwa na fara ƙananan kumfa ɗan makullin ya buɗe baki yadda ya kamata. Ba shi da laifi. Bari ya kusa jin haushinsa. Inna ta wanke tukunyar da toka, ta sake wankewa, ta kife ta can nesa da sauran.

Daga nan ya bi sauran wurare. Ya zura siririn ƙarfe a ramin fitsari ko zanzaro ya yi gini a ciki, babu. Ya zubar da fetur ɗin tanki ya haɗa sabo da hannunsa, ko an yi ƙwauron man inji a haɗin. Ya duba fulogi, ya sake zare ƙafar ya duba zaman bututun da ke hawa da ruwa. Kowane gyara sai ya fita gwaji, ya dawo ya rataye injin. Fasinjansa suka koma jiragen wasu, in sun wuce su tambaye shi ya mai jiki. Mai walda ya ce a sayar wa mutanen nesa waɗanda ba su ji labari ba. Bari ya ce shi bai taɓa sayar wa mutum ciwo ba. A gida ya rage magana. Ya daina kunna rediyo, har maƙwabta suka aiko a tambaya ko lafiya.

Wata safiya ya juye gwangwanin tarkace yana neman noti, tsohuwar robar ta faɗo a kan benci. Ya ɗauka yana juyawa. Sai ya tsince gutsattsarinta, ya jera a kan wani farin murfin langa, ya shiga haɗawa kamar mai haɗa fasasshen faranti. Kowane guntu ya samu mazauninsa, sai fiffike ɗaya da ya rage da giɓi, kamar girman ƙwayar wake. Ya daɗe yana kallon giɓin. Hanya ɗaya guntun yake da ita, sama, tare da ruwa.

Ya san yana ciki, amma bai san inda yake ba. Hanyoyin ruwa a kan inji suna da lungu da saƙo, kuma kowane murfi yana da notunan da suka daɗe suna shan tsatsa, masu karyewa in an matsa musu. Ba ya son buɗe wanda ba dole ba. Ya tura ruwa ta sama da tiyo ko zai koro shi ƙasa. Yashi ya fito, guntu bai fito ba. Sai ya bar injin ya tsane, ya aro famfon keke, ya naɗe bakinsa da tsumma ya cusa a bututun, ya shiga bugawa. A da, da kunne yake wannan aikin, don iska in ta samu abu a hanya tana faɗa. Yanzu yana bugawa, yana kara kunne, yana jin abin da ya saba ji ko'ina, wani dogon shuuu da ke cikin kansa.

A haka Auta ta same shi. Ita ce ƙaramar 'yarsa, tela ce, shagonta na kan hanyar gangarowa kogi, mijinta masunci. Inna ce ta aiko ta da abincin rana. Ta ajiye kwanon a kan benci, ta gaishe shi, bai juyo ba. Ta tsaya tana kallon bayansa, riga ta jiƙe ta manne, yana buga famfo, kunne a jikin ƙarfe. Ta zagayo gabansa.

"Baba, sannu da aiki. Mene ne ke kaɗawa a ciki?"

Ya tsaya. "Me kika ce?"

"Wani abu na yin ƙas-ƙas in ka buga. Kamar in guntun allura ya faɗa cikin keken ɗinki."

Ya kalle ta, ya kalli injin. Mai walda yana can yana feshin wuta, ba wanda ke kallonsu. Da wani ne ya faɗa, da ya ce ai ya ji. Ya riƙe famfon kamar zai ci gaba, sannan ya sauke hannu.

"Ta ina?" ya ce.

Auta ba ta nuna ta ji wani abu a tambayar ba. Ta tura ɗankwali bayan kunne, ta ce ya buga. Ta bi jikin injin a hankali, ta sama, ta baya, tana ɗaga masa hannu ya tsaya, tana saukewa ya ci gaba. Ta wuce wani wuri ta dawo. Ta ɗora yatsa a kan wani murfi mai faɗi da ke gefe.

"Nan."

"Kin tabbata? In na karya noti a banza, kekenki zan kwance in ciro wani."

"Nan ne, Baba."

Ya jiƙa notunan da kananzir, ya ci abincinsa kafin su sha. Auta ba ta koma shago ba, ta zauna a ƙarshen benci tana kaɗa ƙafa. Ya bi notunan da lallashi, ya ɗan kwance, ya ɗan mayar, ya ƙwanƙwasa, ya sake. Ɗaya ya karye duk da haka. Ya yi tsaki ya ƙwala wa mai walda kira. Shi kuwa ya zo yana murna an neme shi, ya liƙa wani noti a kan karyayyen, suka murɗo shi tare.

Murfin ya buɗe. Ga guntun nan a wata 'yar kwana, a tsaye a bakin hanya, gefe ɗaya a maƙale, ɗaya a sake. Bari ya taɓa shi da bakin sukundireba, ya kaɗa kamar ƙyaure. In ruwa na tafiya a hankali sai ya raɓa ta gefensa ya wuce, in ya taho da ƙarfi sai ya tura shi ya rufe hanyar. Ya ciro shi ya ɗora a tafin hannun Auta.

"Wannan ɗan abin?" ta ce. "Na ɗauka ƙaton abu zan gani."

Mai walda ya karɓa ya duba, ya ce shi dama tun farko nan yake zargi.

Kafin ya ɗaure komai rana ta karkata. Ya saɓa injin zuwa jirgi. Auta ta biyo shi ta shiga ba tare da an ce ta shiga ba, ta zauna tana fuskantarsa maimakon ta fuskanci gaba kamar fasinja. Ya fita da su a hankali, sannan ya ƙara wuta, ya ƙara, har kan jirgin ya ɗaga. Fitsari ya miƙe sambal bai yanke ba. Ya tara hannu ya ji shi ɗumi-ɗumi, yadda ake so. Ya juyo ya tunkari ruwa, inda inji ya fi shan wuya. Lokaci-lokaci ya kalli Auta, ita kuma ta girgiza kai, babu ƙara. Da suka kai inda ruwa ya kwanta ya kashe injin.

"Tun yaushe kuka sani?" ya ce.

Ta kalli ruwa, sannan ta tuna, ta juyo da fuskarta gare shi.

"Tun kafin in bar gida."

"Duk ku?"

"Inna ta ce kada wanda ya faɗa."

"Uwarku akwai iya mulki," ya ce.

Ya zauna yana kallon gaɓa, inda mata ke wanki, bakinsu na motsi. Ya ce ranar nan akwai jariri a jirgin, goye a bayan wata da ta zauna kusa da buhuna. Ya ce da a ƙasan kwanar can ledar ta kama su, inda ruwa ke murɗawa, babu yashin da zai tare su. Ya faɗa ne yadda yake faɗa wa mai inji abin da ya lalace.

"Mijinki ya iya ruwa," ya ce. "Inji ne bai iya ba."

"Yana dai iya tayarwa."

"Jaki ma in an ɗaura masa igiyar zai tayar. Ki ce ya same ni da safe."

Haka fito ya koma hannun surukin. Mutum ne mai kunya, sai ya sunkuyar da kai yake magana, Bari kuma ba ya jin mai sunkuye. Sai da ya ce masa, "Kai, ɗago. Kunyar nan ka bar ta a gida, a nan bakinka nake so in gani." Na ɗan lokaci Bari yana bin jirgin, a zaune kan buhuna kamar fasinja, in an jima ya nuna wa surukin baya da haɓa. Surukin ya koyi waiwaye har ya zame masa jiki. Auta ta ce ko a hanya suke tafiya sai ya riƙa waigawa. Da Bari ya ga haka ya daina bi, ya koma rumfa gaba ɗaya. Mutanen bakin kogi suka ji labarin kunnen kamar yadda suke jin komai. Ba abin da ya canza, sai dai yanzu suna dafa kafaɗarsa kafin su yi magana. In aiki ya zo inda sai an saurara, yakan kira duk wanda ke kusa ya ce, "Ara mini kunnenka."

Asibiti kuwa sai da aka kai ruwa rana. Babban ɗansa da ke aiki a wani gari ya zo ya ɗauke shi kusan da ƙarfi. Aka sa shi a wani ɗan ɗaki, aka rufe masa kunnuwa da wani abu, aka ce ya ɗaga hannu in ya ji ƙara. Ya zauna hannu a cinya har ya ɗauka na'urar ce ta lalace, ya tambaya ko ya duba musu. A ƙarshe aka ba shi wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a bayan kunne.

Bai so ta ba. Ya ce duniya ta cika surutu tun bayan rabonsa da ita. Cokali a kwano kamar guduma. Mai walda kuwa ashe duk shekarun nan waƙa yake yi in yana aiki, da wata murya da Bari ya ce da ya sani da bai je asibiti ba. Yakan cire abin ya sa a akwatin ashana, sai in zai gwada inji.

Wata yamma ya dawo gida ya manta bai cire ba. Ya zauna a kan tabarma a tsakar gida ya jingina da bango. Inna na bakin rariya tana wanke-wanke, ta ba shi baya. Sai ya ji tana magana. Da kwanuka take yi, da kazar da ke damunta, tana ba su labarin wunin, tana kwaikwayon muryar maƙwabciya, tana ba kanta amsa tana dariya ƙasa-ƙasa. Shi ma ya shigo cikin zancen. Wai tsohon nan zai sake zuwa da riga duk baƙin mai, kamar ita ce uwar sabulu. Wai ya rame, ba ya cin abin kirki, gobe sai ta sa surukin ya ware masa kifi mai kyau. Muryar ta fi yadda ya san ta kauri, ta ɗan dushe. Ya zauna bai motsa ba.

Da ta juyo ɗauke da kwanuka ta gan shi, ta ga abin a bayan kunnensa, ta tsaya cak.

"Tun yaushe kake nan?"

Ya kalli bakinta kamar yadda ya saba, ya kai hannu ya ƙwanƙwasa na'urar da farce.

"Batirin ya mutu," ya ce. "Me kika ce?"

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta wuce da kwanukan ɗaki, ta fito da tsintsiya, ta fara shara daga can ƙarshen tsakar gida. Da ta zo kusa da tabarmar, kanta a sunkuye, ta ce a hankali ya ɗaga ƙafa.

Ya ɗaga.